Tambaya da Amsa: Direba Biyu a Layin Dogo Ɗaya

Tambaya: Baba, ina da tsohon jirgin ƙasa na wasa ƙirar Jouef da kawuna ya kawo mani daga Faransa, mai aiki da transfo. Bana na samu sabon kan jirgi tare da na'urarsa ta DCC, wato tsarin tuƙa jirgin wasa da umarnin dijital. Duk girmansu ɗaya, HO. Zan iya jona na'urorin biyu a layi ɗaya? Daga mai karatu a Yantala, Yamai.

Amsa: Ɗana, layin zai ɗauki jiragen biyu, tunda a HO tazarar ƙarfen milimita 16.5 ce. Na'urorin ne ba sa ga maciji da juna.

Tsohon transfo da ƙarfin wuta yake tuƙi: ka murɗa daga sifili zuwa volt 12, gudu ya ƙaru, ka juya wutar, jirgi ya ja da baya. DCC kuwa, tsarin da ya samo asali daga kamfanin Lenz na Jamus, kullum ƙarfen cike yake da wuta kusan volt 15, tana jujjuyawa sau dubbai a daƙiƙa, umarnin na tafe a cikinta. Kowane kan jirgi yana da dikoda, 'yar na'urar da ke karanta umarnin, mai lamba (sabo yakan zo da lamba 3), sai an kira lambarsa yake motsi. Ka haɗa su a ƙarfe ɗaya, wutar wannan ta afka cikin wancan, kuma yawanci mai tsadar ce ke ƙonewa.

Wasu na'urorin DCC suna iya jan tsohon jirgi a lamba 0. Kada ka yi. Ni na yi, cikin zafin Afrilu. Na bar kan jirgina tsaye yana ƙugi kamar sauro, na fita sallar la'asar. Ina dawowa na tarar ɗaki na ƙaurin roba. Ko yana tsaye wutar na dafa injinsa.

Abin yi shi ne karɓa-karɓa. Ka nemi makunni mai ƙafa shida wajen masu gyaran rediyo, irin mai matsayi uku, tsakiya a kashe. Ƙafafu biyu na tsakiya su tafi layi, biyu na gefe ga transfo, biyun ɗaya gefen ga DCC. Kafin ka mayar DCC, sauke Jouef daga ƙarfe. Sabon kuma zai iya gudu da transfo in an buɗe masa wannan damar a CV29, ɗaya daga cikin saitunan dikodarsa.

In kana son su yi gudu lokaci guda, shimfiɗa da'ira biyu da ba su haɗu ko'ina ba. Ɗan yanka a tsakanin ƙarfe bai isa ba, don ƙafar jirgi ita ma ƙarfe ce. Tana hawa kan yankan ta haɗa wutar biyu.

In kawu ya sake aiko da kaya, duba sunan. Jirgin kamfanin Märklin na HO wani dangi ne daban, daga tsakiyar layi yake shan wuta, ba zai motsa a naka ba.