Me Ake Zubawa a Cikin Ƙwayar Barcin da Likita Ke Rubutawa?

Tambaya: Daga Tudun Wada, Kaduna nake. Likita ya rubuta wa mahaifiyata, mai shekara 68, ƙwayar barci ta mako biyu bayan rasuwar babanmu. Ta ƙare, Hajiya ta ce mu ƙaro mata a kemis. Me ke cikin ƙwayar nan? Yayana ya ce irin wadda 'yan shaye-shaye ke sha ce.

Amsa daga mai harhaɗa magunguna: Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya ƙara wa Hajiya lafiya. 'Yar'uwa, yayanki bai yi nisa da gaskiya ba, sai dai maganar na buƙatar bayani.

Yawancin abin da kike gani a ƙwayar ciko ne kawai: sitaci, sukarin madara, ɗan rini, da wani gari mai hana ta manne wa injin da ke buga ta. Ainihin maganin kuwa miligiram kaɗan ne, bai kai nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya ba.

Ba ki faɗi sunan da ke jikin kwalin ba, amma waɗanda aka fi bayarwa a nan 'yan gida ɗaya ne, ana kiran su benzodiyazefin. Cikinsu akwai diazepam (Valium, ko D5 a bakin samari), da bromazepam (Lexotan), da nitrazepam. Rohypnol, wato "roci" da hukumar NDLEA ke yawan kamawa, shi ma ɗan wannan gida ne. Kamfanin Roche na Suwizalan ya fitar da Valium a 1963, ya maye gurbin tsofaffin magungunan barbiturate waɗanda ɗan ƙari kaɗan kan kai mutum lahira.

Aikinsu guda ne. Ƙwaƙwalwa tana da wani sinadari nata, GABA, wanda shi ne birkinta. Ƙwayar ba ta ɗauke da barci a cikinta, birkin take ƙara dannewa, sai tunani ya lafa, jiki ya saki. Zolpidem, wani maganin barcin da ba ɗan wannan gida ba ne, shi ma birkin nan yake taɓawa, amma rabinsa kan fita daga jini cikin awa biyu zuwa uku. Diazepam kuwa kan haura kwana guda, a jikin tsoho har fiye. Nan ne damuwata game da Hajiya: za ta tashi alwalar asuba maganin na nan bai sake ta ba, ga jiri, ga santsin banɗaki. Karayar ƙugu a irin shekarunta ba ƙaramar jinya ba ce.

Wani lokaci likita kan ba da amitriptyline kaɗan, wanda asalinsa maganin ciwon damuwa ne. Shi yana busar da baki, yana kawo taurin bayan gida.

To me ya sa mako biyu? Domin ƙwaƙwalwa na sabawa. Bayan 'yan makonni ƙwaya ɗaya ta daina isa, ranar da ba a sha ba kuma ido ya bushe fiye da da, sai mutum ya ɗauka ciwon ne ya dawo. Likitan ba rowa ya yi mata ba. Kuma mai kemis ɗin lungu ba shi da izinin sayar da su, ko da kuwa yana yi.

Ku koma wurin likitan da kwalin a hannu, tare da duk magungunan da take sha, har na tari da Piriton. Haɗa ƙwayar barci da tiramadol ko kodin na iya tsayar da numfashi cikin barci. Ku gaya masa idan tana minshari mai ƙarfi, ko tana shan shayi da goro bayan la'asar. In kuma an riga an ƙaro mata ta daɗe tana sha, kada a yanke rana ɗaya, don yana iya jawo jijjiga. A hankali ake ragewa. Idan kuka da ƙin cin abinci sun haɗu da rashin barcin, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa na duba irin wannan, ba sai mai taɓin hankali ke zuwa can ba.