Amsar Baffa Kan Takardar Neman Aiki a Kamfanin Gidaje

Ɗana, saƙonka ya iso ni bayan la'asar, na kuma sa ƙanwarka ta karanta mini CV ɗin da ka turo, wato takardar tarihin karatunka da aikinka. Kana tambaya ko bai saɓa wa tarbiyyarmu ba mutum ya zauna ya jero alherinsa da hannunsa, tunda an raine ku a kan yabon kai jahilci ne, ko kuwa gara in kai ka wurin masu kamfanin gidajen nan na Abuja da kaina, yadda aka saba.

A zamaninmu ba wanda ya shiga dillancin fili da takarda. Wani babba ne zai riƙo hannunka ya kai ka rumfar ubangida ya ce, "Ga yaronka nan, amana." Ni sai da na shekara biyu ina riƙe bakin igiyar awo, ina kafa turaku a rana, kafin a bar ni in buɗe baki a wurin ciniki. Wanda ya kai ka shi ne takardarka. In ka cinye kafin alƙalamin wani, ƙofar wanda ya kai ka za a ƙwanƙwasa. Abin ya yi aiki ne saboda kowa ya san gidan kowa. Shi kuwa manajan da zai duba takardarka a Abuja bai san kakanka ba, ni ma bai san ni ba.

Amma fa a takardar taka na ji yabon kan da kake tsoro. Ka rubuta "haziƙi, mai gaskiya, mai aiki tuƙuru". Wannan kirari ne, maroƙi ya fi ka iya shi. Kowane ɓarawon fili da na sani haka yake faɗa a kansa. Goge shi. Me ya hana ka rubuta cewa lokacin bautar ƙasa kai ka kula da shaguna 14 na maigidan da ka zauna wurinsa, kana karɓar haya, kana yanka rasit, aka rufe shekara ba a neme ka ko sisi ba? Wannan shaida ce, don ana iya ɗaga waya a tambaya. Sunan masu gida da farashin da suka sallama kuwa kar su shiga takarda. Dillalin da ke tallar sirrin maigida ba ya daɗewa a kasuwa.

Abin da ya fi ba ni haushi, ba ka ce komai a kan takardun fili ba, alhali nan ne ka fi tsararrakinka. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna, fili mai satifiket kuma ba ya sauya hannu a doka sai da amincewarsa. Ka san bambancin awon gwamnati da awon igiya, wanda sau da yawa madogararsa takardar ciniki ce da sa hannun mai unguwa da shaidu. Ai ka bi ni KANGIS, hukumar bayanan filaye ta Kano, ka ga yadda ake binciken fayil kafin a biya kuɗi. A Abuja takwararta AGIS za su aike ka, aikin kusan ɗaya ne. Rubuta wannan a shafin farko. Ni da tsada na koye shi. Na taɓa haɗa cinikin wani fuloti hamsin-hamsin a bayan gari, an yi addu'a, an raba la'ada, bayan sati uku wani ya zo da tasa takardar, shi ma mutum ɗaya ne ya sayar masa. Na mayar da la'adata, na ƙara da ta abokin dillancina da ya riga ya cinye.

Kar kuma ka kira kanka mai kimanta darajar gidaje don kawai ka karanta fannin a jami'a. Wannan suna sai wanda hukumar ESVARBON, mai kula da wannan sana'a, ta yi wa rajista. Faɗi matakin da ka kai a ƙungiyar NIESV ta masu kimanta gidaje, ka tsaya nan. Shafi biyu ya isa.

Al'adar da ba zan yarda ka bari ba ita ce ta masu tsaya maka. Na ga ka sa sunan wani babban mutum da sau ɗaya ka gaisa da shi a ɗaurin aure. Cire shi. Sa malamin da ya duba aikinka na ƙarshe, da maigidan shagunan nan. Ka taka da ƙafarka ka gaishe su, ka nemi izini, ba ta saƙon waya ba. Ni kar ka sa ni, baffa ba ya shaidar ɗansa.

Gyara ka kawo mini ranar Juma'a bayan an sauko, a sake karanta mini. Ka gaida mahaifiyarka.