Shin sankara sukari take ci?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An gano sankarar mama a jikin innarmu, ana yi mata magani. Wata maƙwabciya ta ce sankara sukari take ci, don haka mu hana ta hura da tuwo da shayi mai sukari, cutar za ta mutu da yunwa. Mako uku ke nan, sai ramewa take yi. Gaskiya ne? Daga wata mai karatu, unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Inna lafiya. Ku maida mata hurarta tun yau. Maƙwabciyarku ta ji rabin magana ne.

Rabin da ta ji gaskiya ne. Tun shekarun 1920 wani masani Bajamushe, Otto Warburg, ya lura ƙwayoyin sankara na zuƙar gulukos, wato sukarin jini, fiye da lafiyayyun ƙwayoyi. Ƙwaya lafiyayya kan fasa gulukos a matakai 10, sannan ta kai abin da ya fito cikin maitokondiriya, murhun ƙwayar, ta ƙone shi ƙurmus da iskar da muke shaƙa. A haka gulukos ɗaya kan ba da ATP, kuɗin ƙarfin jiki, wajen 30. Ƙwayar sankara kuwa mafi yawa a matakan 10 take tsayawa, ta samu ATP 2 kacal, ta zubar da sauran a matsayin wani sinadari mai suna laktet, ko da iska ta wadata. Kamar ɓarna, amma da dalili: guntayen da ba su ƙone ba da su take gina sababbin ƙwayoyi, kamar mai zare itace daga murhu ya yi azara.

Mai buɗe matakin farko a ƙwayar sankara wani furotin ne mai hanzarta aiki, hekzokinas 2. Da gulukos ya shigo, sai ya maƙala masa wani sinadari mai suna fosfet, shi ke nan ba ya iya fita. Sankara iri-iri kan tara wannan furotin da yawa. Abin da ya fi ba masu bincike sha'awa shi ne aikinsa na biyu. Kowace ƙwaya tana da tsarin kashe kanta idan ta lalace: bangon maitokondiriya ya huje, wani furotin na ciki mai suna saitokurom c ya tsiyayo, ƙwayar ta wargaje a share ta. To hekzokinas 2 kan je ya lafe a kan wata ƙofa ta bangon mai suna VDAC, ya sha ATP daga tushe, ya kuma tare hujewar. Ƙwayar da ya kamata ta mutu sai ta ci gaba da hayayyafa, wani lokaci har ta jure wa magani.

Ga rabin da ba a gaya wa maƙwabciyarku ba. Jiki ba ya yarda sukarin jini ya ƙare, domin ƙwaƙwalwa kaɗai na cin gulukos wajen giram 120 a yini, jajayen ƙwayoyin jini kuma ba su da wani abinci sai shi. Idan an hana hatsi, hanta za ta ƙera gulukos daga naman jikin majinyaciya. Sankara ta samu rabonta, Inna ta rame. Ramammen jiki kuwa bai cika ɗaukar maganin sankara ba, har akan ɗage zagayen magani saboda rauni. Ku riƙa ba ta kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6 a yini: hura da nono, wake, ƙwai, kunun gyaɗa, kifi ko nama in an samu. Ku auna nauyinta kowane mako a sikeli ɗaya, ku gaya wa likitanta kilo nawa ta rasa. In tana da ciwon sukari, shi zai tsara mata ma'auni.

Tambaya: Likita, me ya hana a yi maganin da zai toshe wannan furotin hekzokinas 2? Daga wani ɗalibin aikin jinya, Zango.

Amsa: An gwada magunguna, ɗana, irin su 2-DG da lonidamin, amma ba su zama maganin yau da kullum ba. Matsalar ita ce hekzokinas 1, ɗan'uwansa mai kama da shi, da shi ƙwaƙwalwa da jini ke aiki, maganin da ya bugi wannan yakan shafi wancan. A 2016 majinyata 3 sun rasu a Jamus bayan wani mai magani da ba likita ba ya ɗura musu 3-BP, wani maganin gwaji irin waɗannan. Inda aka ci moriyar furotin sosai shi ne hoton PET, na gano inda sankara take a jiki: majinyaci ya yi awa 4 zuwa 6 bai ci ba, a yi masa allurar gulukos mai alamar fulorin 18, sinadarin da na'urar ke iya gani, hekzokinas ya kulle shi a cikin ƙarin sankarar, wurin ya haska a hoto.