Tambaya da Amsa: Tun da Na Yi wa Tabilet Rutin, Hoton Allo Ya Ƙi Zama

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da tabilet mai Android 11, na yi mata rutin, wato na buɗe wa kaina cikakken iko a kan tsarinta, da manhajar Magisk. Duk hoton da na ɗora a fuskar allo, da zarar na kashe na kunna sai in tarar na kamfani ya dawo. Da abin ya ishe ni sai na kwafi hoton da hannuna na jefa shi cikin foldar system da manhajar duba fayil mai rutin. Bai zauna ba, wani lokacin ma allon baƙi ƙirin yake fitowa. Wani mai gyara ya ce in bai wa foldar izinin 777 gaba ɗayanta, in kashe tsarin tsaron Android mai suna SELinux, in abin ya ƙi sai filashin, wato a sake ɗora mata Android daga farko. Hankalina bai kwanta ba, domin manhajar bankina da lissafin shagona duk suna ciki. Rutin ɗin ne ya lalata ta, ko cuta ce ta shiga?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka, na'urarka ba ta lalace ba, kuma abin da ka kwatanta bai yi kama da cuta ba. Magisk ba ya taɓa hoton allo. Ka kyauta da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka bi shawarar mai gyaran nan, zan dawo kanta a ƙasa domin ta fi matsalar hoton haɗari nesa ba kusa ba.

Android yana ajiye hoton ne a /data/system/users/0. Tun daga Android 7 na 2016, fayiloli ne kamar haka a wurin: wallpaper_orig shi ne asalin hoton da ka zaɓa, wallpaper shi ne wanda aka yanke daidai allonka, wallpaper_lock na allon kulle ne idan ka ware masa nasa, sai wallpaper_info.xml mai riƙe da bayanin girma da yankan hoton da kuma manhajar da ke nuna shi. Wani sashe ne na tsarin yake rubuta su da kansa, sannan ya miƙa wa SystemUI, manhajar tsarin da ke nuna fuskar allo, ta zana a allo. Duk lokacin da wannan sashe ya kasa karanta abin da ya tarar, ba ya gardama, sai ya koma kan hoton da ya zo da na'urar.

To a nan kwafar da ka yi da hannu ta ƙara dagula lamarin. Fayil ɗin da ka jefa da ikon rutin yakan zama mallakar root, alhali tsarin yana neman mallakar system. Bayan haka akwai laƙabin SELinux: hoton allo dole ya ɗauki laƙabin wallpaper_file, shi ne ke ba SystemUI damar karanta shi. Fayil ɗin da aka kwafo daga waje ba ya zuwa da wannan laƙabi. Baƙin allon da kake gani, mafi yawan lokuta daga nan yake fitowa.

Ka buɗe Termux, manhajar rubuta umarni, ko adb shell daga kwamfuta, ka duba da idonka:

su
cd /data/system/users/0
ls -lZ wallpaper*

A kan fayilolin hoton ya kamata ka ga system system, da kuma u:object_r:wallpaper_file:s0. In ka ga root ko wani laƙabi daban, hanya mafi tsafta ita ce ka share abin da ka jefa ka bar tsarin ya sake ƙirƙirar nasa:

rm wallpaper wallpaper_orig wallpaper_info.xml
reboot

Ka rubuta sunayen ɗaya bayan ɗaya yadda na rubuta su. Kada ka kuskura ka haɗa rm da alamar tauraro ita kaɗai a cikin wannan folda, domin a nan ne settings_secure.xml da settings_system.xml da package-restrictions.xml suke zaune, saitunan na'urarka ke nan. Bayan ta kunnu, ka ɗora hoton ta hanyar da kowa ke bi, wato ta Settings ko ta manhajar hotuna, ka sake kashewa da kunnawa ka gani. In kuma ka fi son gyara fayilolin a inda suke, chown system:system da chmod 600 a kansu, sannan restorecon -R /data/system/users/0, sun wadatar. Wallpaper_info.xml kuwa kada ka buɗe shi da niyyar gyarawa da hannu. Daga Android 12 ma ba rubutu ne da ido ke karantawa ba, sai an juya shi da abx2xml.

Yanzu bari mu zo kan 777, domin kusan kullum sai an turo tambaya mai ɗauke da wannan lamba, kuma kusan kullum wani ne ya faɗa wa mai tambayar da cikakken ƙarfin gwiwa. Wannan shawara gyaran gangar Auzinawa ce.

Lambobin nan uku ba sihiri ba ne. Ta farko izinin mai fayil ce, ta biyu ta ƙungiyarsa, ta uku ta kowa da kowa. Karantawa 4, rubutawa 2, gudanarwa 1, in ka tara su ka sami 7. Ke nan 777 na nufin duk wata manhaja da ke cikin na'urar, har wasan da yaronka ya sauke jiya, tana da izinin karanta fayil ɗin, ta canza shi, ta goge shi. Wanda ya ce ka yi wa foldar haka gaba ɗaya, da chmod -R, umarnin da ke canza izinin duk abin da ke cikin folda, ya ce maka ne ka cire ƙyauren ɗaki saboda makulli ya ɗan yi tauri.

Abin takaicin shi ne 777 ɗin ma ba ya magance matsalarka. Izinin fayil ƙofa ɗaya ce, SELinux ƙofa ta biyu. Ko ka buɗe ta farko wangalau, in laƙabin ba daidai ba ne ta biyu za ta hana. Shi ya sa kullum shawarar take zuwa da 'yar rakiyarta: a kashe SELinux da setenforce 0. Mai gyaran ya lura cewa 777 kaɗai ba ya aiki, bai tsaya ya tambayi dalili ba, sai ya ɓalle ƙofa ta biyun ita ma. Hoton ya zauna, shi ya karɓi kuɗinsa, kai kuma ka tafi gida da na'urar da ba ta da tsaro.

Ka duba abin da ke cikin /data/system ka ga me ake sakar wa duniya. Akwai locksettings.db mai bayanan kullen allonka. Akwai packages.xml mai rajistar duk manhajojin da ke na'urar. A cikin settings_secure.xml da na ambata akwai jerin manhajojin da aka yarje wa hidimar taimakon masu buƙata ta musamman, wadda ke iya ganin abin da ke kan allo, ta kuma danna madanni a madadinka. Wannan hidimar ce ɓarayin asusun banki suka fi nema a Android. A ƙa'ida sai ka shiga Settings ka kunna ta da yatsanka. In fayil ɗin ya zama kowa na iya rubutu a ciki, kuma SELinux na kwance, muguwar manhaja ba ta buƙatar yatsanka. Kai da ka ce bankinka da lissafin shagonka suna ciki, ka auna wannan da hoton allo. Garin neman gira ne a rasa ido.

SELinux ba ado ba ne. Tun Android 5 na 2014 Google ta mayar da shi dole a kan tsarin baki ɗaya, kuma shi ne ke tsare kowace manhaja cikin akurkinta ko da an sami kuskure a wani wuri. Masu binciken tsaro sun riga sun nuna cewa a na'urar da aka sassauta shi, manhaja ta gama-gari na iya kai wa ga ikon rutin ba tare da Magisk ya fito da tambayar amincewa ba. An gina Magisk ne ta yadda zai yi aiki SELinux na kunne. Duk wanda ya ce maka rutin ba ya tafiya sai an kashe shi, bai san kayan da yake taɓawa ba.

Akwai kuma masu zarcewa da 777 ɗin har cikin /system. Su nasu sakamakon ba ya jira. Shirin init da ke tayar da Android yana ƙin karanta fayil ɗin saiti da kowa ke iya rubutu a ciki, yana ɗaukarsa marar aminci ya tsallake shi. Ka yi wa fayil ɗin saiti na build.prop haka, sai na'ura ta maƙale a tambarin kamfani. Daga nan sai a ce maka ai dama an faɗa, sai filashin, a share maka komai, ka sake biya. Kuma chmod -R ba shi da madannin komawa baya. Kowane fayil da nasa izinin na asali, da zarar an shafe su da lamba ɗaya babu mai tuna maka su.

In har ka riga ka gwada wani abu daga ciki, ka rubuta getenforce. Amsar da ake so ita ce Enforcing. In ka ga Permissive, ka yi setenforce 1, sannan ka leƙa jerin modul na Magisk, wato ƙarin kayan da ake ɗora masa, da foldar /data/adb/service.d, domin galibi a nan ake dasa abin da ke sake kashe shi a kowane kunnawa. Foldar /data/system/users/0 kanta izininta 700 ne, mallakar system.

To, ka tuna hoton ya fara gudu tun kafin ka taɓa foldar, don haka mai yiwuwa akwai wani abu da ke korar sa. Ka lura da lokacin da yake canzawa. In hoto mai motsi ne ka ɗora, ka sani manhaja ce ke gudana, ba fayil ba. Da zarar an tilasta mata tsayawa, Android na mayar da hoton kamfani nan take, kuma tilasta tsayawar nan shi ne ainihin aikin Greenify da duk manhajojin da ke iƙirarin share RAM da sanyaya batir, musamman in sun sami ikon rutin. Ka cire ta daga jerinsu, ko ka goge su baki ɗaya, Android ba ya buƙatarsu. Haka in manhajar hoton tana kan memori na waje, tsarin zai neme ta lokacin kunnawa kafin memorin ya shirya, ya rasa ta, ya koma na kamfani. Ka mayar da ita cikin na'ura. In kuma tana faɗuwa ne da kanta a kai a kai, tsarin na sallamarta. Wannan umarnin zai nuna maka, in ka rubuta shi da zarar na'urar ta gama kunnuwa:

logcat -d | grep -i wallpaper

Layin da ke cewa Reverting to built-in wallpaper shaida ce cewa tsarin ne da kansa ya janye hoton. Umarnin dumpsys wallpaper kuma zai faɗa maka manhajar da ke riƙe da allon a yanzu.

In hoto ne tsayayye, ka nemi manhajar kamfani mai sauya hotuna: Wallpaper Carousel a Xiaomi, Magazine Unlock a Huawei, Dynamic Lock Screen a Samsung, ko zaɓin sabon hoto kullum a manhajar Wallpapers ta Google. Ka kashe ta daga saitinta. In ta ƙi, pm disable-user --user 0 da sunan kunshinta, wato sunan da tsarin ya san ta da shi, ya isa, kuma pm enable zai dawo da ita. Ka dakatar, kada ka goge daga tsarin, domin wasu lancoci, wato manhajojin da ke jera maka manhajoji a babban allo, na faɗuwa in sun neme ta sun rasa. Ka duba sarari da df -h /data, ma'ajiyar da ta cika maƙil ba ta iya adana sabon hoto. Tabilet ta hannu da ta fito daga makaranta ko wata ƙungiya kuma, dumpsys device_policy zai nuna ko har yanzu akwai manhajar kula da ke tilasta nata hoton.

Hoton kansa ma abin dubawa ne. Ƙaramar tabilet mai RAM giga 2 ba ta jin daɗin hoton kamara mai megafiksel 48. Ka rubuta wm size ka ga girman allonka. In 1280 da 800 ne, ka yanka hoton ya zama 1280 ta kowane ɓangare, yadda zai cika allo a tsaye da a kwance, ka adana shi a JPG da launin sRGB. Batun launin nan ba wasa ba ne: a 2020 wani hoton tafki da aka ɗauka a Amurka ya riƙa jefa wayoyi masu Android 10 cikin faɗuwa ba ƙaƙƙautawa da zarar an ɗora shi a allo, saboda yadda tsarin ya lissafa launinsa.

Idan duk ka bi waɗannan abin bai daina ba, akwai dabara mai tsafta da rutin ya ba ka: ka mayar da hotonka ya zama shi ne na kamfani. Android na duba wani saiti mai suna ro.config.wallpaper kafin ya ɗauko nasa. Ka ƙirƙiri folda a /data/adb/modules, ka sa mata suna kamar hotona. A ciki ka ajiye module.prop mai layukan id, name, version, versionCode, author da description. Ka sa hoton a system/etc/hotona.jpg cikin wannan foldar, izini 644, ka ba shi laƙabi da chcon u:object_r:system_file:s0. Sai ka rubuta fayil ɗin system.prop mai layi ɗaya:

ro.config.wallpaper=/system/etc/hotona.jpg

Ka kashe ka kunna. Daga nan ko tsarin ya koma na asali, naka zai tarar. Ba ka taɓa ainihin /system ba, wanda tun Android 10 a yawancin na'urori ba ya karɓar rubutu, kuma in wani abu ya cije, kashe modul ɗin a Magisk ya mayar da komai. Kamfanonin da suka sake gina sashen hoton allo nasu, irin Samsung, ba lalle su kula da wannan saiti ba.

Za ka ji wasu na cewa a daskarar da fayil ɗin da chattr +i. Yana aiki, amma ka bar shi a matsayin na ƙarshe, kuma a kan wallpaper da wallpaper_orig kawai, ban da wallpaper_info.xml wanda tsarin ke buƙatar sake rubutawa. Ka rubuta a takarda cewa ka yi shi, domin ranar da ka so canza hoto, ko ka zo share bayanai ta TWRP, manhajar gyara da ake shiga ba tare da an kunna Android ba, fayil ɗin zai ƙi motsi har ga root sai ka warware shi da chattr -i.