Tsakanin Kotun ECOWAS da Kotun Ƙolin Najeriya, maganar wa za a bi?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni malamin makarantar sakandare ne a Funtuwa, ina koyar da darasin gwamnati. Makon jiya wani ɗalibina ya tsare ni da tambaya a aji: idan Kotun ECOWAS ta yanke hukunci, kotun Najeriya kuma ta yanke saɓaninsa, wanne za a bi? Ya kawo misalin Sambo Dasuki, ya ce ai kotun ta ce a sake shi aka ƙi. Na ce masa zan bincika. Don Allah a warware mana.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa wannan ɗalibi albarka, don tambayar da ya yi manyan alƙalai ma suna kai ruwa rana a kanta.

Idan a gaban alƙalin Najeriya ka tsaya, amsar tana cikin kundin tsarin mulki na 1999. Sashe na 1 ya ce kundin yana sama da kowace doka, duk wadda ta ci karo da shi ta faɗi. Sashe na 12 kuma ya ce yarjejeniyar da Najeriya ta ƙulla da wasu ƙasashe ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Kotun Ƙoli ta fayyace wannan a shekarar 2000, a shari'ar da marigayi Gani Fawehinmi ya shigar kan tsare shi da gwamnatin Abacha ta yi. Ta ce Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam tana aiki a kotunanmu saboda an mayar da ita doka tun 1983, tana ma da nauyi fiye da sauran dokokin majalisa, amma ba ta kai kundin tsarin mulki ba.

Idan kuwa a gaban alƙalan ECOWAS ka tsaya, su ma a Abuja suke zama, wata takarda za su buɗe maka. Yarjejeniyar ƙungiyar da aka sabunta a 1993 ta ce hukuncin kotun wajibi ne a kan kowace ƙasa mamba, kuma Najeriya ta sa hannu. A dokar ƙasa da ƙasa ba a karɓar uzurin cewa dokar gidanka ce ta hana ka cika alƙawari. Kowane ɓangare yana da gaskiya a ɗakinsa, shi ya sa rigimar ta ƙi ƙarewa.

Akwai abin da mutane ke yawan rikitawa, ina so ka jaddada wa ɗalibanka. Kotun ECOWAS ba kotun ɗaukaka ƙara ba ce, ita da kanta ta sha faɗin haka. Wani dattijo ya taɓa zuwa ofishina da jakar takardu, an kayar da shi a shari'ar gona tsakaninsa da ɗan'uwansa, ya ce yana so in kai masa ƙara "kotun ƙasashen waje". Ban ji daɗin faɗa masa ba, amma babu hanya. Ƙasa ake kaiwa ƙara a can kan take haƙƙin ɗan Adam, damar da aka ba ɗaiɗaikun mutane tun 2005, kuma ba sai ka gama zagaye kotunan gida ba. Soke hukuncin Kotun Ƙoli ba ya cikin huruminta. Abin da za ta iya cewa shi ne ƙasar ta zalunce ka, a biya ka diyya ko a sake ka.

Yanzu batun Dasuki. An kama shi a Disambar 2015 kan zargin kuɗin makamai, dala biliyan 2.1. A ranar 4 ga Oktoba 2016 Kotun ECOWAS ta ce tsare shi ya saɓa doka, a sake shi, a kuma biya shi naira miliyan 15. Bai fito ba sai 24 ga Disamba 2019. Amma ɗalibinka ya lura da wani abu: a wannan shari'a kotunan gida da ta ECOWAS bakinsu ɗaya ne. Alƙalan Najeriya sun ba shi beli fiye da sau ɗaya, ya cika sharuɗɗa, jami'an DSS suka sake kama shi. Gwamnati ce ta ƙi bin kotunan duka biyu. Ko mutum ya yarda da zargin da ake yi wa Dasuki ko bai yarda ba, wannan abu ya dame ni a lokacin, har yau kuma yana damuna, domin idan aka iya yi wa tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro haka, me zai hana a yi wa mai facin taya a Sabon Gari?

Inda kotu ta tsaya wa kotu gaba da gaba, sai ka leƙa Turai. Tun 1964 kotun Tarayyar Turai ta ce dokar tarayyar tana gaba da dokokin ƙasashe mambobi. A Mayun 2020 kotun tsarin mulkin Jamus ta ce waccan kotu ta wuce gona da iri a wani hukunci kan babban bankin Turai. A ranar 7 ga Oktoba 2021 takwararta ta Poland ta ce wasu sassan yarjejeniyar tarayyar sun saɓa wa kundin tsarin mulkinsu. A cikin watan na Oktoba 2021 aka ɗora wa Poland tarar yuro miliyan 1 kowace rana kan rikicin ladabtar da alƙalanta, aka riƙa cirewa daga kuɗin da tarayyar ke ba ta. Su suna da bulalar dukan mai taurin kai. ECOWAS ba ta da irinta a aikace. Hukuncinta hannun gwamnatin da aka kayar yake komawa don a zartar, a Najeriya kuma ofishin Antoni Janar ne aka ɗora wa wannan aiki.

Ra'ayina shi ne wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Najeriya ce ke ɗaukar mafi yawan nauyin ECOWAS, a ƙasarta kotun take, ita ce kuma kan gaba wajen tuna wa maƙwabta ƙa'idojin ƙungiyar idan an yi juyin mulki. Bai dace ta tuna da sashe na 12 sai ranar da aka kayar da ita ba. Maganin yana hannun Majalisar Tarayya: ta yi doka ƙarara da za ta ba hukuncin kotun ƙarfi a kotunanmu, alƙali ya daina rasa madafa idan aka kawo masa shi.

Ka kuma ba ɗalibanka labarin Hadijatou Mani, don su ga amfanin kotun. 'Yar yankin Birnin Ƙonni ce a Nijar. An sayar da ita tana shekara 12 a 1996 a matsayin wahaya, wato baiwar da ubangida ke ajiyewa kamar mata ba tare da ɗaurin aure ba. Bayan ta sami takardar 'yanci ta auri wanda take so, tsohon ubangidanta ya ce har yanzu matarsa ce. Wata kotun gida ta ba ta gaskiya, ta sama ta juya hukuncin, har aka yanke mata wata 6 a gidan yari da sunan ta yi aure kan aure. A ranar 27 ga Oktoba 2008 Kotun ECOWAS, da ta zauna a Yamai, ta ce Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Gwamnatin Nijar ta karɓi hukuncin, ta biya.

A Disambar 2023 wannan kotu ta ce a saki Mohamed Bazoum, sojojin da suka kifar da shi ba su saurare ta ba. Wata ɗaya bayan haka Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa daga ƙungiyar, ficewar ta tabbata a ranar 29 ga Janairu 2025. Yarinyar da za a yi wa irin abin da aka yi wa Hadijatou a yau a Ƙonni, idan kotunan gida suka juya mata baya, wannan ƙofa ta rufe mata.