Amsoshin tambayoyinku: masauki da tsofaffin mashaya a bakin kogin Thames

Assalamu alaikum jama'a. Satin nan kusan rabin saƙonnin da suka shigo min akan Landan ne, kuma na san dalili, lokacin bikin yaye ɗalibai ya ƙarato iyaye sai haɗa jaka suke. Kowa kuma sai ya ce shi kusa da gadar nan mai hasumiya biyu yake so ya sauka, wadda ake gani a hotuna. Toh bismillah, ga waɗanda na ɗauka.

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni uwa ce daga Kano, 'yata ta gama digiri na biyu zan je bikin, ban taɓa fita ba sai Makka. Ta turo min hoton wani tsohon masauki a bakin kogi wai ginin ya yi shekara ɗari uku, ya yi kyau, amma ina da ciwon gwiwa kuma wallahi tsoron tafiyar nake ji har barci ba na samu sosai. In bari ta kama?

Amsa: Hajiya Allah ya sanya alheri, Allah ya sa karatun ya amfane ta ya amfane ki. Ki kwantar da hankalinki dan Allah, wadda ta yi ɗawafi da sa'ayi a cunkoson Makka ai Landan ba za ta gagare ta ba. Amma masaukin nan kar ta kama tukuna. Irin waɗannan tsofaffin gine-gine doka ce ke kare su, mai gidan ba shi da ikon ya fasa bango yadda ya ga dama, shi ya sa da yawansu babu lifta, sai matakala ta katako mai tsayi da ƙunci wadda ko mai lafiya sai ya yi haki da akwati a hannu. Kuma in ɗakunan a saman mashaya suke, wanda shi ne galibi, to hayaniyar ƙasa za ki sha har wajen sha ɗaya na dare, wani wurin ma ta cikin masu shan za ki ratsa kafin ki kai ga matakalar. Ta kira su ta tambaya ƙarara, akwai lifta ko babu, banɗakin a cikin ɗaki yake ko na haɗaka ne, wankan na tsaye ne ko sai an ɗaga ƙafa an shiga baho. In amsa ɗaya ba ta yi ba ta haƙura.

Ni da zan zaɓa miki, unguwar Aldgate ko Whitechapel zan ce. Otal-otal ɗin da ke can na zamani ne masu lifta, da ƙafa bai fi minti ashirin zuwa Hasumiyar Landan, wato tsohuwar fadar sarakuna da ke kusa da gadar nan, ba ga mai lafiya, ke kuma bas ta kai ki. Ga babban masallacin Gabashin Landan a kan titin Whitechapel, tun 1985 aka buɗe ginin da yake ciki yanzu, da ɓangaren mata mai faɗi, ga gidajen abinci na halal a jere kamar kina Zoo Road. Ki sa 'yar buta ta roba a akwati don banɗakunansu takarda kawai ake ajiyewa, ki taho da rigar sanyi ko da an ce miki bazara ce don iskar bakin kogi ba ta da alƙawari. Cajarki ta gida za ta shiga soket ɗinsu, iri ɗaya ne da namu. Allah ya kawo ki lafiya.

Tambaya: Anti wai gadar da ake buɗewa jirgi ya wuce ita ce London Bridge? Nawa ake biya a hau?

Amsa: Ba ita ba ce ƙanena, Tower Bridge sunanta, an buɗe ta a 1894, London Bridge tana can gaba kuma ba abin kallo a jikinta. Tsallakawa kyauta ne, hawa saman hasumiyar ne ake sayen tikiti. Irin wannan ka riƙa dubawa a wayarka ka bar wa masu damuwa fili.

Tambaya: Anti ni ɗalibi ne, wata uku da zuwana. Abokan karatuna Turawa sun ce mu je wata tsohuwar mashaya a Wapping cin abincin ranar Lahadi, wai ita ce mafi tsufa a bakin kogin. Ba na shan giya, abincin kawai zan ci, kuma ba na so su ce ina ware kaina. Ya kika gani?

Amsa: Na ji daɗin da ka tambaya kafin ka je. Prospect of Whitby suke nufi, masu ita na cewa tun wajen 1520 ake sha a wurin, a da har laƙabinta mashayar shaiɗan saboda irin 'yan fasa-ƙwauri da ɓarayin ruwa da ke taruwa a ciki. Ta bayanta an rataye igiya a jikin gungume don tunawa da wurin da ake rataye 'yan fashin teku a unguwar, a nan kusa aka rataye Kyaftin Kidd a 1701. A ƙetaren ruwan a Rotherhithe akwai mashayar Mayflower, daga wannan gaɓar jirgin mai wannan suna ya tashi a 1620, wanda ya kai Turawan da suka je suka zauna a Amurka, kyaftin ɗin jirgin ma a cocin da ke kusa aka binne shi. Duk wannan za ka iya ganinsa daga waje ba tare da ka zauna ba.

Maganar zama kuwa, kai ma ka san akwai hadisin da ya hana zama a teburin da ake shan giya, wannan ka kai wa malaminka, ni dai ba na zama. Abin da zan ƙara maka shi ne abincin kansa. Kifi da dankalin da kake gani kamar ba komai, sau da yawa da giya ake kwaɓa fulawar da aka soya kifin a ciki. Wanda suke kira steak and ale pie sunansa ma ya faɗa maka, ale giya ce. Gammon alade ne, tsiran alade ne ke cikin yawancin sosej ɗinsu, black pudding kuma jini ne. Gasasshen naman Lahadin ma ba yankan Musulmi ba ne sai in an rubuta, romon da ake zubawa a kai kuma wani lokaci da jan giya a ciki. Ka ce musu za ka bi su yawon bakin kogi, in an gama kai ka ja su Brick Lane ka ciyar da su, su ga masallacin da aka gina a 1743 a matsayin coci, ya koma wurin ibadar Yahudawa, sannan ya zama masallaci a 1976. Ban taɓa ganin Baturen da ya ƙi irin wannan gayyata ba.

Tambaya: Hajiya wani ejan ya ce in turo masa kuɗi a naira zai kama min otal mai tarihi mai tauraro biyar kusa da Hasumiyar Landan, dare bakwai, a rabin farashi, kuma zai ba ni takardar in haɗa da neman biza. Ya ce sai yau zuwa gobe garaɓasar za ta ƙare.

Amsa: Alhaji kar ka tura ko sisi, kuma yau sai ka yi haƙuri da ni don wannan maganar ta daɗe tana cin raina. Wane otal ne a tsakiyar Landan, inda ko a hunturu ɗakuna ba sa kwana babu kowa, zai ba wani mutum a WhatsApp rabin farashi ya sayar? Abin da suke yi shi ne su kama ɗaki irin wanda ake iya sokewa ba asara, su buga maka takarda, bayan kwana biyu su soke, ko kuma su ɗauki tsohuwar takardar wani su canza suna a kwamfuta. Na taɓa zuwa da kaina ƙarfe goma na dare na ɗauko wani dattijo da iyalinsa daga gaban wani otal, akwatuna shida, jikoki biyu suna rawar sanyi, ma'aikaciyar ta duba ta sake dubawa babu sunansa, lambar ejan ɗin a kashe. Mutumin da ake girmamawa a garinsu yana tsaye yana share hawaye. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Kuma abin da ya fi asarar kuɗin muni shi ne bizar. Ƙa'idar ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya ta faɗa a fili cewa takardar kama otal da ta jirgi ba sa cikin abin da ake buƙata a matsayin hujja ga mai neman bizar ziyara, abin da suke dubawa shi ne kuɗinka daga ina suke, me kake yi, me zai mayar da kai gida. In kuwa suka gano ka sa takardar bogi, za a iya hana ka shiga ƙasar har shekara goma, kuma ba ruwansu da cewa ejan ne ya haɗa, sunanka ne a kai. Wato ka biya kuɗi an saya maka abin da ba a tambaye ka ba, wanda kuma zai iya rufe maka ƙofa. Wannan "yau zuwa gobe" ɗin ma ita ce babbar alama, mai gaskiya ba ya hana ka kwana ka yi tunani.

Sai kalmar "mai tarihi" da ake ta yaudarar mutanenmu da ita. Gobarar 1666 ta cinye yawancin tsohon birnin, bama-baman Jamus na 1940 da 1941 suka rugurguza unguwannin tashar jiragen ruwa, abin da ya rage da gaske kaɗan ne. George Inn da ke Borough High Street na gaske ne, an sake gina shi a 1677 bayan wata gobara, shi kaɗai ya rage a Landan cikin masaukan matafiya masu baranda ta katako daga zamanin keken doki, kuma za ka iya shiga farfajiyar ka kalla ka fita ba wanda zai ce ka kawo kwabo. Amma Dickens Inn da ke St Katharine Docks wadda kowa ke hoto a gabanta saboda furanni, tsohon rumbun kaya ne, sai 1976 aka buɗe ta a matsayin mashaya. Babban otal ɗin kankare da ke jikin Tower Bridge na 1973 ne. Ten Trinity Square kuwa ginin hukumar tashar jiragen ruwa ne na 1922, sai 2017 ya zama otal, kuma kuɗin dare ɗaya a can ka lissafa shi a naira ka ga buhun shinkafa nawa ne. Ban ce ba su da kyau ba, cewa na yi ka san me kake saya. Mutum zai yi ta ciniki a Kantin Kwari akan yadi biyar har ya yi fushi ya tafi, amma da an ce fam sai lissafi ya ɓace masa, ya kama ɗaki mai kallon kogi alhali da asuba zai fita sai dare zai dawo ya ja labule ya kwanta.

Ka kama ɗakinka da kanka a shafin otal ɗin ko sanannen shafin kama ɗaki, ko ɗanka ko wani amintacce da ke can ya kama da sunanka, sannan ka tura wa otal ɗin imel ka tabbatar lambar tana nan. Ka zaɓi wanda ake iya sokewa har sai biza ta fito. Ka tambayi bankinka iyakar abin da katinka zai iya cira a waje kafin ka taso, don otal da yawa sukan riƙe wani abu a kati ranar shiga. In na'ura ta tambaye ka a wane kuɗi za a cire, ka zaɓi fam. Kar kuma wani ya ce maka za a mayar maka da harajin sayayya a filin jirgi, an soke wannan tun farkon 2021.

Tambaya: Anti mun yi aure wata biyu, maigida ya ce mu kwana ɗaya a otal ɗin Savoy, ni ina ganin ɓarna ce.

Amsa: Allah ya ba da zaman lafiya amarya. Savoy dai tarihinsa ba na ƙarya ba ne, 1889 aka buɗe shi, ya yi suna tun lokacin da wutar lantarki da lifta suke abin mamaki a otal. In kuɗinsa ne ba bashi ba kuma ba a taɓa na haya ko na gida ba, dare ɗaya ki karɓa ki gode masa. In kuwa da takura, ku je shan shayin la'asar kawai, ku kama wuri tun da wuri ku ce ba kwa cin alade ba kwa shan giya. Kwanan kuma ku duba County Hall da ke jikin London Eye, babban lilon nan mai juyawa a bakin kogi, ginin majalisar birnin ne na da, a cikinsa akwai otal ɗin Marriott akwai na Premier Inn, gini ɗaya farashi biyu.

Tambaya: Yarana uku, ya zan yi da kuɗin shiga Hasumiyar? Kuma sun ce suna so su sauka bakin ruwa su tsinci tsofaffin abubuwa.

Amsa: Tikitin babba ya haura fam talatin, ki saya a shafinsu na gaskiya ki je da sassafe ki fara da ɗakin kambin sarauta kafin layi ya yi tsawo, farar hasumiyar tsakiya da aka fara ginawa wajen 1078 ta biyo baya. Yara 'yan ƙasa da shekara sha ɗaya kyauta suke shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa in suna tare da babba mai biya, bas kuma ba ta karɓar tsabar kuɗi sai kati. Sauka bakin ruwa kuwa a'a, sam. Thames yana hawa yana sauka sau biyu a rana har kusan mita bakwai, yana dawowa da sauri, matakalan Wapping duk gansakuka ne, tsintar kaya a gaɓar ma sai da izinin hukumar tashar jiragen ruwa. Ki sa su a jirgin ruwan haya daga Tower Pier zuwa Greenwich, za su ga bayan tsofaffin mashayun nan duka daga kan ruwa, ki riƙe hannun ƙaramin wajen hawa da sauka.