Danshi a bangon tsohon gidan zamanin Biktoriya: in shafe shi da siminti?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Mun sayi sashe a wani tsohon gidan ƙauye a Samaset, Ingila, ginin zamanin Sarauniya Biktoriya da aka raba gida-gida, kuma yana cikin gidajen tarihi da doka ta kare, mataki na II. Tun shigowar sanyi bangon falo ke jiƙa, fenti yana kumbura, ga wari. Wani kamfani ya auna ya ce ruwa ke tasowa daga ƙasa, za su yi wa bangon allurar magani su shafe shi da siminti ciki da waje. Hankalina ya tashi, kuɗinmu duka na cikin gidan nan.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, gidan ba zai faɗi saboda wannan ba. Amma don Allah kada ki sa hannu a takardar kamfanin nan.

Gidajen zamanin Biktoriya, 1837 zuwa 1901, galibi bangonsu cike yake, dutse ko jan bulo, babu rata a tsakiya irin ta ginin yau, kuma da kwaɓin laim (lime, wato ƙonanniyar farar ƙasa da ake kwaɓawa da yashi) aka ɗora su. Laim ya fi dutsen laushi. Idan ruwan sama ya daki bango sai ya tsotsa, iska ta kaɗa ya fitar ta layin kwaɓin, gishirin da ruwan ya ɗauko ya taru a nan, kwaɓin ya ci wuya dutsen ya tsira. Da gangan aka yi haka. Joseph Aspdin ya yi rajistar simintin Portland tun 1824, amma maginan gidajen nan suka ci gaba da laim ɗinsu har cikin ƙarni na 20.

Siminti kuwa tauri gare shi, ba ya ba ruwa hanya. Tsohon gini yana ɗan motsi da zafi da sanyi, simintin ya tsage siriri kamar gashi, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa mafita. Ina zai je? Cikin falonki, ko cikin dutsen. Daren hunturu ruwan ya daskare, ya kumbura, fuskar dutsen ta ɓare. Ki duba bangon da aka cike layukansa da siminti shekarun baya: layin na tsaye ƙyam, dutsen ya lotsa a bayansa, ki sa yatsa ya zubo gari. Wanda ya ga an yi wa ginin tubali filastar siminti a Kano ko Zariya, ta ɓamɓaro da rabin katanga bayan damina, ya san ciwon. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne katako, don kan gungumen da ke ɗauke da daɓe a cikin bangon yake, idan ya daɗe a jiƙe naman gwari mai cin itace ya kama shi, gyaran ya ninka.

Kullum sai na yi wannan faɗan. Mutum ya zo da "dubawa kyauta", ya manna 'yar na'ura a filasta, ta yi ƙara, ya ce ga ruwa. Na'urar nan don katako aka ƙera ta, a bango gishiri ma yana sa ta kuka. Wanda abincinsa ke cikin sayar da allura ai ba zai ce miki indararo ne ya toshe ba.

Alhali yawanci nan matsalar take. Rufin irin waɗannan gidaje ƙwarya-ƙwarya ne, ga hasumiya, ga bututun hayaƙi barkatai, ga kwaruruka da aka shimfiɗa wa dalma. Tyntesfield, wani babban gidan tarihi da ke kusa da ku, wanda mai zanen gini John Norton ya sake wa fasali daga 1863, da ƙungiyar adana kayan tarihi ta National Trust ta saye shi a 2002 gyaran rufi na cikin manyan ayyukan da ta yi. Ranar da ake ruwa ki ɗauki lema ki zaga. Ki ga ko bututun ƙarfe na zubarwa a jikin bango, ko ƙasar lambu ta hau sama da daɓen ciki, ko an toshe ramukan iska na ƙasan bango da murhun falo. Shi ma tururin girki da shanya a ɗaki yana kwanciya a bango mai sanyi.

Sai doka. Kariyar ta haɗa ciki da waje, har filasta da tagogi. Dokar kare gine-ginen tarihi ta 1990 ta mai da canza kamannin irin ginin nan ba izini laifi, da tara ko ɗaurin da zai kai shekara 2, kuma "kamfani ne ya ce" ba ya wanke ki. Neman izinin kyauta ne a ƙaramar hukuma, sai dai jira, ma'aikatan kula da tarihin sun yi kaɗan. Ki kuma duba takardar sayenku, sau da yawa bangon waje na mai ginin duka ne. Ki rubuta masa, ki nemi mai duba gini da ya san tsoffin gidaje, wanda ba ya sayar da komai. Ƙungiyar kare tsoffin gine-gine ta SPAB da William Morris ya kafa a 1877 tana ba da shawara ta waya. Idan an tare ruwan, ki ba bangon watanni ya bushe kafin a shafa sabon laim.